Yadda Mushe Kundi Ya Kafa Amurka a Zangon Aduwa

Duk wanda ya ce manyan mutane sun ƙare a ƙasar Magariya, bai taɓa sauka daga amalanke a Zangon Aduwa ba. A can, tafiyar sa'a guda daga Yekuwa in san da ke jan amalanken ya tashi da walwala, Allah ya ajiye Mushe Abdulmajid, fitilar karkara, mutumin da ya san abin da aka tattauna a Filadalfiya ta Amurka shekara ɗari biyu da ɗoriya da suka wuce, ko da yake sai an nuna masa inda gonarsa ta ƙare ta gabas.

Ana ce masa mushe, laƙabin malamin boko a ƙasar nan, duk da bai taɓa koyar da kowa a lakwal ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a birni yana aikin gwamnati, kuma aiki mai nauyi: shi ke ɗaukar takarda daga wannan biro, wato ofis, ya kai wancan. Masu hassada suna kiran wannan muƙami falanto, wato masinja. Shi kuwa cewa yake babu wata doka da ta taɓa motsawa a ginin nan sai a hammatarsa, kuma gaskiya ya faɗa. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da dukiya iri huɗu: besti, wato kwat, mai ruwan toka, tabarau, baƙar laima, da farar kujerar roba. Da waɗannan ya zauna yana jiran tarihi ya neme shi.

Tarihi ya neme shi ta waya. Ɗan ƙanwarsa Salim, da ke tuƙa babbar mota a Amurka, ya zauna jarrabawar zama ɗan ƙasa a can. Kafin ranar ya haddace kalmomi arba'in na yadda aka kafa gwamnatin ƙasar, kowace da ma'anarta da Faransanci. Da ya ci, sai ya turo wa kawunsa hoton takardar, don dai kawu ya ga irin wuyar da aka sha. Nan Salim ya yi kuskure. Kawu ya hau kabu-kabu har Magariya, ya sa aka fitar da ita a takarda, aka rufe ta da roba gaba da baya don kada gumi ya taɓa ilimi.

Cikin sati biyu ya haddace ta tsaf. Daga ranar ba a ƙara samun gaisuwa zalla a bakinsa ba. Ka ce masa ina kwana, ya ce lafiya lau bisa tanadin kundin tsarin mulki. Akuyar maƙwabci ta leƙa gidansa, ya ce an keta hurumin tarayya. Matarsa Kulu ta tambaye shi ko miyar kuka za a kaɗa ko ta kuɓewa, ya ce wannan hurumin majalisa ne. Mutane suka bar ce masa Abdulmajid, suka koma Mushe Kundi. Ya ji daɗin sunan ƙwarai, don ya ɗauka lambar yabo ce.

Amma kada a zaci son ilimi ne kaɗai ya hana shi sukuni. In mutumin ƙauye ya fara dogon jawabi da damina, kafin a saurari bakinsa a fara leƙa gonarsa.

A Zangon Aduwa gida goma sha uku ne ke gayya tare. In noman firi ya zo, maza su taru da hauyoyinsu a gona ɗaya tun da sassafe, Yunusa makaɗi yana bayansu da ganga, su share ta kafin azahar, mai gona ya shayar da su fura. Gobe sai gonar wani. Tsoho Manzo, sarkin noma, shi ke faɗin jeri, kuma ƙa'idarsa ba a rubuce take ba don ba ta kai tsawon a rubuta ba: wanda ya fi zubar da gumi a gonakin mutane bara, shi ake fara wa bana.

A yi wa Mushe Kundi adalci, bai taɓa fashin gayya ba. Kullum yana zuwa. Ya kafa kujerarsa a bakin gona, ya buɗe laima, ya riƙa nuna wa mutane inda suka bar ciyawa. In aka sauke ƙwaryar fura, nan ake ganin ƙwazonsa. Ya ce likita ya hana shi sunkuyo saboda ciwon baya, duk da hauyar ƙasar nan doguwa ce, a tsaye ake tura ta. Shekara uku ke nan gonarsa ce ta goma sha uku a jeri, ita ma albarkacin Kulu, wadda furarta ke sa namiji ya yafe wa mijinta abubuwa da yawa.

Bana ruwa ya sauka da wuri. Ƙarangiya da harƙiya suka cika gonar Mushe kamar an aika musu goron gayyata, gero ya fara rawaya tun bai wuce taƙi ba. Wanda yake na goma sha uku, in an cire Juma'a da ranar kasuwa, sai ya jira sati biyu da ƴan kwanaki. Mushe ya tsaya a bakin gona, ya dubi ciyawa, ya dubi takarda. Gidajen gayya goma sha uku. Yankunan da suka ɓalle daga hannun Sarkin Ingila suka kafa Amurka, su ma goma sha uku. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce irin wannan daidaito ba ya zuwa a banza.

Ana saura sati guda a fara gayya, ya kira magidanta goma sha biyun nan zaurensa bayan azahar. Suka zo da sauri, don sun ɗauka suna ne ko sadaka. Suna gama zama ya toshe taga da buhu, ya ja ƙyaure ya sa sakata. Haka, in ji shi, iyayen ƙasa suka yi a Filadalfiya a 1787: suka rufe tagogi cikin tsananin zafi don kada sirrin taro ya fita. Zauren Mushe rufin kwano ne.

"Ƴan'uwana ƴan ƙasa," ya fara, yana ɓalla maɓallin besti. "Kun daɗe a ƙarƙashin mulkin mutum ɗaya ba ku sani ba. Manzo ke yin doka, Manzo ke zartarwa, Manzo ke shari'a. A kalma ta huɗu wannan sunansa kama-karya. Ba ina zagin dattijo ba ne, ilimi ne ya zage shi. Yau za mu raba iko gida uku. Majalisa ta yi doka. Shugaba ya zartar. Kotu ta duba ko an yi daidai. Kowane ɓangare ya riƙe linzamin ɗan'uwansa, don kada wani ya sukwane mu. Kundin da na rubuta ya fara da kalmomi biyu masu sa tsikar jiki ta tashi: Mu, jama'a."

"Bawana," in ji Shafi'u daga lungu, yana fifita da hula, "mu jama'a muna dahuwa."

Shafi'u taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa. Tun suna yara kowanensu ke kiran ɗan'uwansa bawansa, har yau ba a raba gardamar ba.

Mushe bai kula shi ba. Ya karanta sashe na ɗaya, ya karanta na biyu, ya koma na ɗaya don ya ga wasu sun lumshe ido. Gumi ya jiƙa tabarma. Da ya kai ƙarshe ya bayyana musu cewa kundi ba ya zama kundi sai an amince da shi, kuma a Amurka sai da yankuna tara cikin goma sha uku suka amince kafin ya fara aiki, saboda haka ba za a zare sakatar nan ba sai yatsa tara sun hau takarda. Ba a taɓa ganin kishin ƙasa irin na ranar ba. Mutum takwas suka dangwala kafin ya gama buɗe tawada. Na tara Manzo ne da kansa, wanda ya ce shi bai fahimci abin da ke ciki ba, amma yana jin iska na shigowa ta ƙasan ƙofa kuma yana so ya je ya same ta.

Haka aka haifi jamhuriya.

Rabon muƙamai bai ba da wuya ba. Majalisa gida biyu ce, kamar yadda takarda ta ce: ta dattawa tana zama a gindin tsamiya, ta wakilai a gindin dogon yaro. Mutanen su ne dai, inuwa ce ke sauyawa. Zaɓen shugaba ma ya tafi lami lafiya, don kundi ya tanadi cewa ɗan takara sai ya mallaki besti. Da yake shugaba ba ya zama a majalisa, kujerar gidansa ta koma hannun Kulu, wadda aka yarda ta riƙa jefo ra'ayinta ta saman danga. Mushe bai ga matsala a nan ba. Shekara talatin yana magana tana shiru, ya ɗauka yarda ce.

Kotun ƙoli kuwa ya damƙa ta ga Gwaggo Gumsu, yayar mahaifinsa, uwar Shafi'u, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu. Ya rubuta da babban baƙi cewa alƙali ba ya sauka har iyakar ransa, don kada ya ji tsoron kowa. Dalilansa na gaskiya biyu ne, kuma bai sa su a kundi ba: ita ta goya shi, sannan gyangyaɗi take yi in magana ta wuce jimla uku.

Abu ɗaya ya rage, wayar da kan ƴan ƙasa. Kullum bayan la'asar ya tara su a gindin tsamiya yana yi musu hadda. Mene ne jamhuriya? Mene ne gyaran kundi? Kashi nawa ake buƙata a karya ƙin shugaba? Wanda ya kasa, a maimaita masa sau uku. Yana yi ne don a ga zurfinsa. Ya manta cewa mutanen da yake koyarwa suna iya faɗa maka akuyar wa ta ci waken wa shekara tara da suka wuce, da launin akuyar.

Ran da aka fara gayya, shugaba ya iso bakin gonar farko da umarni na ɗaya a hannu. Ya karanta a tsaye: gonar shugaban ƙasa, kasancewarta fuskar jamhuriya a idon baƙi, ita za a fara nomewa, daga yau.

"Bawana, jerin gayya doka ce ko ba doka ba ce?" Shafi'u ya tambaya, ya jingina da hauyarsa.

"Doka ce mana, babba ma."

"Kalma ta bakwai: doka ta majalisa ce. Ka bari inuwa ta zo."

Inuwa ta zo da la'asar. Dattawa suka zauna a gindin tsamiya suka amince da tsohon jerin Manzo. Suka tashi suka kaɗe riguna, suka koma gindin dogon yaro suka zama wakilai, suka sake amincewa. Mushe ya ce ba a yin doka haka kamar sayen goro, sai an karanta ta sau uku a ranaku uku. Suka ce to. Ciyawa ba ta san ana zaman majalisa ba, saboda haka kowace safiya gayya ta ci gaba bisa tsohon jeri, na wucin gadi, har a ga abin da doka za ta ce.

A rana ta huɗu aka kawo masa doka ya sa hannu. Ya ɗauki farar kujerarsa, ya juya wa jama'a baya, ya zauna. Ya sanar ta kan kafaɗa cewa shugaba ya hau kujerar na-ƙi, kuma kundi ya ba shi kwanaki ya yi nazari. Ya cinye kwanakin duka, yana jiran a aiko masa da dattawa su ba shi haƙuri. Ba wanda ya zo sai tunkiyar Yunusa, ita ma ɓawon gyaɗa ta biyo.

Da kwanakin suka cika, majalisa ta tuna masa abin da ya koya mata: in kashi biyu cikin uku suka sake amincewa, ƙin shugaba ya zama iska. Tara ake nema. Aka ɗaga hannu aka samu goma sha biyu. Sai aka ji murya ta saman danga.

"A sa da ni."

"Kulu," in ji shugaba, "kin san abin da ake ƙuri'a a kai kuwa?"

"Na sani, Malam. Ta bayan dangar nan nake daka kullum kana koyarwa. Na fi Yunusa hadda."

Goma sha uku cif. Mushe ya ce wannan ba komai ba ne, dimokuraɗiyya ce ke nuna lafiyarta, kuma zai ɗaukaka ƙara. A lokacin an riga an nome gona goma sha ɗaya. Saura ta Shafi'u gobe, tasa jibi. Mutum mai ƙaramin tunani da sai ya yi shiru ya sa a jiƙa gero don furar jibi. Mushe Kundi ba mai ƙaramin tunani ba ne.

Kotun ƙoli tana zaune a ƙarƙashin rumfarta tana tsinke ganyen tafasa a faifai. Jama'a suka cika tsakar gida. Shugaba ya gyara tabarau, ya ɗaga takarda.

"Ya mai girma alƙaliyar alƙalai, mai riƙe da ma'aunin..."

"Majidu, ba ka gaishe ni ba."

Ya dubi jama'a. Ya dubi Gwaggo. Babu sashen kundi da ya yi maganar wannan, amma akwai dokokin da suka girmi Filadalfiya. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau. Ashe bayan yana lanƙwasuwa. Ci gaba, daga nan inda kake."

Daga tsugune ya gabatar da hujjarsa, kuma a gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya ce aikin ƙasa iri biyu ne, na hannu da na ƙwaƙwalwa. Ya ce gumin da ya zubar wajen rubuta kundi ya fi na gona goma sha ɗaya, sai dai ta ciki ya zuba. Ya ce iyayen da suka kafa Amurka ba da hauya suka kafa ta ba, da alƙalami ne, kuma ba wanda ya taɓa sa su a ƙarshen jeri. Ya kai jimla ta ashirin yana satar kallonta, yana jiran gyangyaɗi. Idon Gwaggo a buɗe yake tar kamar na mai jiran canji a kasuwa.

"Su waɗannan iyayen naka," ta ce, "ba su da gonaki?"

"Da yawansu suna da su, Gwaggo. Manya-manya."

"To wa ke nome musu, suna zaune a ɗaki sun rufe taga?"

Ya juya takarda. Amsar ba ta cikin kalmomi arba'in, amma ya san ta, Salim ya taɓa faɗa masa a waya. Wannan ne gefen labarin da bai taɓa kawowa gindin tsamiya ba.

"Wasunsu bayi gare su, Gwaggo."

"Allah sarki. Suna rubuta ƴanci, wasu na duƙe a rana." Ta jefa ganye a faifai. "To kai ina naka bayin?"

"Inna, bawa ɗaya ne a zuriyar nan," in ji Shafi'u, "ga shi nan tsugune da besti."

Gwaggo ta sa ya miƙo tafin hannunsa. Ta latsa shi da babban yatsa, ya lotsa kamar cikin burodi. Ta sa Manzo ya miƙo nasa, ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙara. Ta ce shari'a ta ƙare. Jeri yana nan yadda yake. Gobe Majidu ya je gonar Shafi'u da hauya, ba kujera, ba laima, ya kama kunyar noma kamar kowa har azahar. In ya yi, jibi a nome tasa.

Ya ce alƙaliya ta yi son kai, ɗanta ta fifita. Ta ce Shafi'u ta haifa, shi kuma ta goya, kuma shi ya fi nauyi. Ya miƙe ya ce da ikon da kundi ya ba shi ya sauke ta daga muƙami.

"Kai ka rubuta sai ran da na mutu," in ji Gwaggo. "Ko ka ji wani labari ne da ban ji ba?"

Safiya ɗaya aka nema a wurinsa. Daga hantsi zuwa azahar, a gonar taubashinsa, a gaban mutanen da ya shekara uku yana nuna wa ciyawa da bakin laima. Geronsa na shekara yana gefe guda, wannan safiyar tana gefe guda. Ya auna su a zuciyarsa tsakanin gidan Gwaggo da gindin tsamiya, ya ga safiyar ta fi nauyi.

Da la'asar majalisa na zaune, Yunusa yana dafa shayi. Na farko ne, mai ɗaci, wanda aka yi rabin sa'a ana jira. Mushe ya iso, bai yi sallama ba, ya ɗauki buta daga kan gawayi ya tuntsurar da ita a ƙasa. Ya bayyana cewa haka mutanen Boston suka zubar da shayin Ingila a teku don nuna sun gaji da zalunci, kuma da yake Zangon Aduwa ba teku, rairayi ya wadatar. Yunusa ya bi kumfar da kallo har ƙasa ta shanye ta.

Sannan ya zaro sabuwar takarda, shelar ƴancin kai. Ya lissafa laifuka ashirin da bakwai na Manzo, wanda ya kira Sarkin Ingilan Zangon Aduwa, don adadin da aka lissafa wa na ainihin ke nan. Da laifuka suka ƙare masa a na shida, ya cike da irin su tari a lokacin jawabin shugaba da saka hula a karkace. Ya rufe da cewa daga wannan sa'a, shi da gonarsa sun zama ƙasa mai cin gashin kanta, ba ruwansu da gayya, ba ruwan gayya da su.

Ya naɗe takarda ya jira. A lissafinsa, yanzu ne za a riƙe masa riga. Wa zai karanta musu kundi? Wa zai ba su furar Kulu?

"Ka fita ke nan?" Manzo ya tambaya.

"Na fita. A can sai da aka yi shekaru ana yaƙi kafin Sarki ya haƙura, ina sanar da kai."

"Mu ba mu da lokacin yaƙi, gobe gonar Shafi'u. Allah ya ba da sa'a. Yunusa, ɗora wani."

Ita ce ƙasa ta farko da aka amince da ƴancinta kafin shayi ya sake tafasa.

A gida ya tarar Kulu tana jiƙa gero mai yawa. Ya ce ta rage, jibi ba gayya, sun ɓalle.

"Kai ka ɓalle, Malam. Gayaunata ba ta ɓalle ba."

Gayauna ita ce ƴar gonar da aka yankar wa Kulu tun zuwanta gidan, tana manne da tasa ta gabas, layin gamba ne kawai ya raba su.

"Gayaunarki tana ƙarƙashin gwamnatina."

"Kalma ta goma sha tara. Ikon da ba a miƙa wa tsakiya ba, na jiha ne. Ni ban miƙa ba. Kuma shekara uku ina dama wa gayya fura, ba a taɓa cewa na zo da laima ba."

Ya nemi kalmar da za ta karya wannan daga ta ɗaya har ta arba'in. Wanda ya tsara takardar bai san da Kulu ba.

Jibi ta zo. Tun da sassafe gangar Yunusa ta tashi, maza goma sha biyu suka jeru a gayaunar Kulu, don ranar gida na goma sha uku ce. Gonar da aka saba nomewa kafin azahar ta fi wannan sau biyar, saboda haka suka yi mata aiki na ƙawa, suka bi gindin kowane gero kamar masu aski. In suka iso layin gamba sai su tsaya cak su juya. Ba a taɓa mutunta iyakar wata ƙasa haka ba. Da hauyar Shafi'u ta tsallaka da kuskure ta sare ƙarangiya ɗaya ta wancan gefe, sai ya duƙa ya mayar da ita raminta, ya danna ƙasa, ya ba da haƙuri.

A wancan gefen, shugaban ƙasa yana zaune a farar kujera cikin ciyawa har gwiwa. Ƙarangiya ta kama ƙafar wandonsa ta ko'ina, ita kaɗai ce ƴar ƙasar da ta manne masa. Geronsa ya yi rawaya, ya langaɓe, sai an buɗa ciyawa ake ganinsa. Ya riƙe laima da hannu ɗaya, takarda da ɗaya, yana yi kamar yana nazari.

Da hantsi ya ɗaga aka sauke fura a inuwar gawo, taku biyar daga gamba. Kulu ta zuba nono ba rowa. Gwaggo Gumsu ma an kawo ta a amalanke don ta sa albarka. Ludayi ya fara zagaye, iska kuma ta gabas take busowa.

Shugaba ya jure ludayi uku. A na huɗu ya tashi ya tako har bakin gamba, ya yi gyaran murya. Ya ce a tarihin duniya ƙasashe kan rabu kuma su sake haɗuwa, kuma gwamnatinsa, saboda tausayin talakawan ɗaya ɓangaren, a shirye take ta duba yiwuwar komawa tarayya, in an roƙe ta.

"Ba a roƙe ta ba," in ji Manzo, yana share baki. "Amma ƙofa a buɗe take. Baƙon da ke son zama ɗan ƙasa, jarrabawa yake zaunawa. Ba haka Salim ya yi ba?"

Fuskar Mushe ta washe. Jarrabawa. Wannan ranar ya yi wata biyu yana jira. Ya rufe laima, ya ɓalla maɓallin besti na sama da na ƙasa, ya tsaya ƙyam. Ya ce a tambaye shi daga ko'ina, daga gaba ko daga baya, da Hausa ko da Faransanci, in an ga dama a haɗa da shekaru.

"Tambaya ɗaya ce," in ji Manzo. "Gwaggo, bisimilla."

Kotun ƙoli ta ajiye ludayi.

"Majidu, ina hauyarka take?"

Ya dubi takarda, ya juya bayanta, ya sake juyowa. Ya ce a maimaita tambayar. Aka maimaita. Ya ce yana tunanin tana rumbu, ko zaure, ko kuma an ara.

"Shekara uku ke nan da ita nake tokare ƙofar akurki," Kulu ta faɗa a hankali, ba ta ɗago daga ƙwarya ba.

"An ba shi satar amsa," in ji Gwaggo. "Ya faɗi. Ya dawo baɗi."

Ludayi ya ci gaba da zagaye. A ɗaya gefen gamba, jamhuriya mai mutum ɗaya ta dubi geronta, ta naɗe ƙafar wando, ta nufi akurki.